Direban da Ya Rasu a Kan Tabarmarsa

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, da mai mota da mai tafiya a ƙasa. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Laraba da hantsi, a gidansa na Azare, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba.

Ni na kai wa Inna labarin. Na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Tana ganin fuskata ta ajiye tiren a ƙasa.

Ta ce, "A ina?"

Na ce, "A gida, Inna."

"A kan tabarma?"

Na ce a kan tabarmarsa, matarsa na gefe, kuma ya cika da kalmar shahada. Sai ta ce, "Alhamdu lillahi. Shekara arba'in ina jiran a shigo mini da wani labari ba wannan ba." Ta yi salati, ta tashi neman mayafinta. Ba ta yi kuka ba sai da aka fito da makara.

Kafin azahar layin ya cika. Direbobin tasha sun bar motocinsu da fasinja a ciki sun zo jana'iza, kuma ban ji an ce wani fasinja ya yi ƙorafi ba. Ɗan kudun nan mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya shekara talatin a Azare yana jayayya da Kawu a kan wace taya ce ta gaske wace ce jabu, ya rufe shagonsa ya zo ya zauna a bakin tabarma, hularsa a hannu. Da na je gaishe shi ya ce mini, da Hausarsa da ta fi ta wasunmu, "Malam, yanzu babu wanda zai dawo mini da kaya ya ce ƙarya ne." Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, cikin waɗanda rikici ya taso daga Yobe suka zauna a unguwar, ta zauna a zaure tana maimaita magana ɗaya: shi ya kwaso su da kayansu ranar da suka zo, kuma bai tambaye su komai ba a hanya.

Sai kuma samarin nan 'yan wasan mota, masu juya mota a wurin biki har hayaƙi ya tashi a tayoyi. Sun zo su kusan goma. Tun daga bakin layi suka kashe injin, suka tako da ƙafa, suka tsaya nesa da dattawa. Dattawa ba su yi musu kallon arziki ba. Autan Kawu, wanda bakanike ne kuma bai daɗe da aure ba, ya tashi daga cikinmu ya je wurinsu, ya fi daɗewa a can fiye da yadda ya daɗe wurin liman. Na ga matar Kawu tana leƙensa ta ƙofar zaure.

A zaman makoki labarai suka fara girma. Wani ya ce Kawu ya taɓa juya mota a kan gada ba tare da ya taka birki ba. Wani ya ce laya ce a ƙarƙashin kujerarsa. Na san nan da shekara biyu zai zama tatsuniya, shi ya sa na zauna rubuta abin da na gani da idona da abin da Inna ta faɗa mini. Akwai kuma abin da ya bari a hannuna wanda ban sami wanda zan gaya wa ba.

A garin Katagum aka haife shi, amma tashar Azare ce ta raine shi. Doguwar farar mota yake ja, irin ta da mai kujeru layi uku, wadda tayoyin baya ke tura ta. Tsohuwa yake ce mata. Bai taɓa tayar da ita ba sai ya zagaye ta ya danna kowace taya da babban yatsa, ko da minti goma ne da kashe ta. Idan ya zauna sai ya cire takalmi ya tura ƙarƙashin kujera, ya ce tafin ƙafa yana jin abin da takalmi ba ya ji. Mutum ne mai hira, yana iya kwashe Azare zuwa Kano yana ba ka labarin akuyar da ta ci masa lasisi. Amma da an doshi lanƙwasar hanya, wadda direbobi ke kira kwana, sai ya yanke magana ko da a tsakiyar kalma ne. Sai an fita ya ɗora daga daidai inda ya tsaya. Baƙon fasinja yakan tsorata da wannan shirun. Mu da muka saba, mukan sami kanmu mun riƙe numfashi tare da shi.

Kuma a hankali yake tuƙi. Wannan ne abin da masu labarin gada ba sa faɗa. Yara a kan babur suna wuce shi suna masa dariya. Har na girma na zama malamin firamare ban san akwai wani abu a hannunsa ba.

Na sani ne a damina ta biyu da aurena. Ina koyarwa a wani ƙauye bayan Giade, inda hanyar burji ce, jar ƙasa mai santsi idan ta sha ruwa. Matata ta shiga naƙuda tun safe, har la'asar babu labari, sai jini. Ungozoma ta fito ta ce abin ya fi ƙarfinta. Motocin ƙauyen biyu duk sun ƙi fita saboda ruwan da aka wuni ana yi. Na kira Kawu a waya. Bai ce komai ba sai, "Ku shimfiɗa mata katifa a ƙofar gida."

Muka kwantar da ita a baya, ungozoma na riƙe da kanta, ni ina gaba. Ya cire takalmi, ya dube ni ya ce, "Malam, duk abin da ka gani kada ka taɓa ni, kada ka kira sunana. Idan salati za ka yi, yi a zuci."

Akwai wata muguwar kwana kafin a hau kwalta, inda hanya ta karye dama ta bi ta kan ƙaramin kwalbati, hagu kuma rami ne da ruwa ya cika. Ko da rani a giya ɗaya ake bin ta. Na ga muna doso ta da gudun da ban taɓa ganin Tsohuwa ta yi ba. Tun hanya na miƙe ya taka birki sau ɗaya da ƙarfi, ya sake shi, ya sauko giya biyu. Ya ɗan karkata hagu kamar ramin yake nufi, sannan ya fizgo dama. Sai na ji bayan motar ya bar mu. Gefe muke tafiya, ramin na bayanmu, ina kallon gonar gero ta gilashin gaba maimakon hanya. Hannunsa ya mayar da sitiyari hagu, wajen da bayan ke zamewa, ƙafarsa na kan totur, ba ta ƙara wuta ba, ba ta rage ba. Idonsa ba ya kan ramin, ba ya kan kwalbatin, yana can kan wata bishiyar kuka da ke bayan kwanar. Motar ta miƙe a hankali kamar an ja ta da igiya, muka haye.

Sau huɗu ya yi haka kafin kwalta. Da muka isa asibiti a Azare likita ya ce da mun ƙara rabin awa da sai dai haƙuri. 'Yata ta fari ke nan, yanzu tana sakandare.

Na fito neman Kawu in yi masa godiya, na same shi a bayan motar a tsugune yana amai. Na zuba masa ruwa ya wanke fuska.

Ya ce, "Na yi wa Allah alkawari ba zan sake ba. Ga shi na sake." Ya miƙe ya sa takalmi. "Kada ka gaya wa uwarka yadda muka zo."

Bayan girbi shi da kansa ya neme ni. Ya ce tunda a ƙauye nake zaune kuma na sayi 'yar mota, gara in san abin da zan yi ranar da ta zame mini. Ya kai ni wani faƙo a hanyar Gadau, fili ne mai tauri wanda ko ciyawa ba ta fitowa. Kafin ya bar ni in taɓa sitiyari sai da muka taka filin da ƙafa babu takalmi, daga wannan baki zuwa wancan. Inda rairayi yake ya nuna mini, inda ƙasa ta yi tauri ya nuna mini.

Juma'a shida muka yi muna zuwa bayan an sauko daga masallaci. Ya koya mini cewa birki kafin kwana ake taka shi, ba a cikinta ba. Ya koya mini yadda nauyin mota ke komawa gaba idan ka ɗaga ƙafa, bayan ya yi sakayau, abu kaɗan ya ture shi. Ya nuna mini birkin hannu: ka taka kuloci, ka danne maɓallin da babban yatsa kada ya maƙale, ka ja ka saki kamar ka taɓa tukunya mai zafi. Sau nawa na juya gaba ya koma baya, injin ya mutu, shi yana zaune a gefena ko motsi ba ya yi.

Yakan ce, "Me ka kalla?"

In ce, "Tudun can."

"To ga ka a kan tudun. Inda ka sa ido nan hannu zai kai ka. Kalli inda kake so ka fita."

Amma abin da ya fi daɗewa a kai shi ne ƙarshen zamewar. Ya ce sakin bayan mota ba wuya, ko wawa ya iya, ruwan sama ma ya iya. Karɓo ta ne aikin. Akwai lokacin da tayoyin baya za su sake kama ƙasa, kuma ba sa sallama. Idan lokacin ya same ka da sitiyari a karkace, ko ka cire ƙafa daga totur gaba ɗaya saboda tsoro, motar za ta fizge ta yi ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko. Dole ka fara warware sitiyari tun kafin ta kama, ka riƙa rage wuta kaɗan kaɗan. Na tambaye shi yadda zan san lokacin. Ya bugi kujerar da nake zaune ya ce a nan ake ji, ba a ido ba.

A Juma'a ta shida na karɓo ta sau uku a jere. Na yi dariya don daɗi. Ya kashe motar ya zare makulli.

Ya ce, "Ka ji daɗin nan da ka ji? Shi nake tsoro. Mun gama."

Inna ta gane, ban san ta yaya ba. Wataƙila jar ƙasar da ke wandona kowace Juma'a ce. Ta kira ni ɗaki ta ba ni labarin da ba a taɓa yi a gidanmu ba. Na san suna da ƙane da ya rasu tun ban zo duniya ba, an ce mini hatsarin mota ne. Ban san motar wa ba.

Ta ce lokacin Kawu na saurayi babu bikin da ake yi daga Katagum zuwa Disina ba a kira shi wasan mota ba. Yana da wasa guda da babu mai yin sa sai shi: mutum ya tsaya a tsakiyar fili, shi kuma ya riƙa zagaye shi, hancin motar na kallon mutumin, bayanta na shara a waje. Ƙanensu ne ke tsayawa, hannu a aljihu, yana murmushi, don ya yarda da yayansa fiye da kowa. A wani biki a Katagum mutane suka yi ta ihu a ƙara, a ƙara. Ya zagaya sau bakwai a kan sawu ɗaya. Tayoyin baya suka tone rairayin suka tarar da ƙasa mai tauri, suka kama, motar ta yi tsalle gaba.

Ta ce, "Ina wurin. Ni na ɗauko hularsa." Kwana uku ƙanen ya yi ya cika, kuma kafin ya cika ya ce ya yafe. Mahaifinsu ma ya yafe. Ita ce ta shekara biyar ba ta shiga motar Kawu ba, kuma ko da ta fara shiga, a baya take zama ta rufe ido.

Na je na sami Kawu na ce Inna ta gaya mini. Yana wanke gilashi, bai juyo ba. Ya ce, "Ta gaya maka yana murmushi?" Na ce e. Ya ce, "Har motar ta same shi bai daina ba. Ya ɗauka cikin wasan ne."

Da wannan a zuciyarsa ya haifi 'ya'ya shida, ya hana kowannensu tuƙi sai da ya kai shekara ashirin. Biyar suka bi. Autan kuwa tun yana koyon gyara a gareji hannunsa ke ƙaiƙayi. Ya haɗa wata tsohuwar baƙar mota da kansa, daga wannan gawar mota ya ciro inji, daga waccan ya ciro ƙafa. A waya yake kallon yadda ake yi, ya fita bayan gari ya gwada. Ya roƙi uban ya koya masa ya fi sau goma. Kawu ya ce ko a mafarki.

Rigimarsu ta fito fili a bikin wani ɗan unguwarsu, bara da rani, a filin ƙwallo. Ina wurin. Autan na tsakiyar wasa, mutane sun yi da'ira, mata na guɗa. Sai ga Kawu ya ratso taron da sandarsa, don lokacin gwiwa ta fara ba shi wahala. Ya taka har tsakiyar filin ya tsaya. Nufinsa yaron ya gan shi ya kashe mota.

Autan bai fahimta ba, ko kuma ya fahimta ya ƙi. Ya ɗauka uban ya zo ne ya tsaya masa. Ya karkato hancin motar ya fara zagaye shi.

Kawu na tsaye, hannu biyu a kan sanda, rigarsa na kaɗawa da iskar motar. Bai kalli ɗansa ba, tayoyin baya yake kallo. Zagaye ɗaya, biyu, uku. A na huɗu motar ta yi wata 'yar girgiza, bayanta ya fizga, autan ya cire ƙafa, ta wulwula waje ta tsaya taku kaɗan daga inda mata suke. Taron ya ɗauka da gangan ne, aka yi ta tafi.

Ya fito yana haki yana dariya, ya durƙusa gaban uban. "Baba, ka gani?"

Kawu ya ce, "Na gani." Muryarsa a ƙasa, amma ina kusa na ji. "Ba kai ka tsayar da ita ba, Allah ne. Ta kama ƙasa ba ka sani ba. Mutane kake kallo."

"To ka koya mini mana."

"In koya maka ka ƙara kusantar su?"

Ya juya ya tafi. Wata huɗu bai amsa gaisuwar autan ba. Yaron na zuwa kullum da safe ya durƙusa a ƙofar ɗaki, uban na jan carbi kamar babu kowa. Matar Kawu ta yi roƙo, liman ya yi, ni ma na yi. Da ya gaji da mu ya fara amsawa da "lafiya" kawai. Autan kuma bai daina wasa ba, sai dai ya koma yin sa a garuruwan da labari ba zai iso da wuri ba. Labari kuwa yana isowa. Duk ranar Asabar Kawu ba ya cin abincin rana, yana zaune a zaure da waya a cinya har magariba.

Ina ganin waɗannan Asabar ɗin ne suka cinye shi, ko da yake likita ya ce ƙoda ce.

Saura kwana biyar ya rasu na je duba shi da yamma. Ya sa matarsa ta fita. Ya lalubo makullin Tsohuwa a ƙarƙashin matashi ya sa mini a hannu, ya rufe yatsuna a kai.

Ya ce, "Malam, na yi ta tunani ban sami mafita ba. Na hana shi don kada ya kashe wani. Ga shi hanin bai hana ba. Ya iya sakinta, bai iya karɓo ta ba." Ya huta. "Kada ka bar shi da rabi."

Na ce, "Kawu, in koya masa ke nan, ko in raba shi da abin?"

Ya rufe ido. Sai ya ce, "Da na sani ai da na yi da kaina."

Washegarin addu'ar bakwai autan ya zo gidana. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya zauna a ƙasa ko da na nuna masa kujera.

Ya ce, "Yaya, na san Baba ya koya maka. Umma ta ce ya ba ka makulli. An kira ni biki a Giade ranar Asabar ta sama, kuma na amsa tun kafin rasuwa."

Na ce ya janye, uzurinsa a fili yake, ubansa ya rasu. Ya ce zai je ko na koya masa ko ban koya masa ba. Ba da rashin kunya ya faɗa ba, a hankali ya faɗa, yana kallon tabarma. Na san gidanmu, na san gaskiya yake faɗa.

Kwana biyu ina juya maganar. Na yi istihara ban ga komai ba. A rana ta uku na tayar da Tsohuwa na ɗauke shi muka tafi faƙon hanyar Gadau. Na sa shi ya cire takalmi muka taka filin. Na gaya masa duk abin da aka gaya mini, har labarin Katagum, wanda bai taɓa ji ba. Ya yi kuka sosai a kan wannan. Na ɗauka kukan zai wadatar. Da ya share hawaye ya ce, "To nuna mini inda ake jin ta kama."

Abin da ya ɗauke ni Juma'a shida, shi kafin la'asar ta yi sanyi ya gama da shi. Ina zaune a gefensa ina kallon sitiyari na zamewa ta cikin tafinsa yana tare shi daidai inda ya kamata, tun kafin ni in ji komai a kujera. Na ga hannun Kawu sau ɗaya tak a kan wannan aiki, a hanyar Giade, kuma ga shi ina sake gani. Na sa masa sharaɗi biyu: ba zai sa mutum a tsakiya ba har abada, kuma ba zai wuce zagaye uku a kan sawu ɗaya ba. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce ya ɗauka.

Na bi shi Giade ranar Asabar. Turmi ya kafa a tsakiyar fili. Ya taka filin da ƙafa mutane na masa dariya. Sannan ya shiga ya yi wasan da tsofaffin wurin suka ce rabonsu da ganin irinsa tun suna samari. Ko sau ɗaya motar ba ta fizge shi ba. Ya zagaya turmin sau uku ya fita, ya tsaya cak nesa da kowa. Babu wanda ya ji ko ƙwarzane. Na yi hamdala, na ce wataƙila abin da Kawu ke nufi ke nan.

Kafin mu bar filin samari suka kewaye shi. Ba yabo kawai suka zo yi ba. Ina jin su suna cewa ya nuna musu, ya nuna musu. Ya waiwayo ya dube ni, na girgiza kai. Ya sunkuyar da nasa.

A mota ya ce, "Yaya, su ma rabin suka sani. In bar su haka?"

Na ci gaba da kallon hanya har muka shigo Azare.

Yau wata uku da rasuwar. Makon jiya na dawo daga Gadau da yamma, na ji kukan tayoyi tun kafin in hango faƙon. Na tsaya a bakin hanya. Motoci biyar na ƙirga. Autan na tsaye a gefe yana nuni da hannu, wani na gwadawa yana wulwulawa, 'yan kallo daga ƙauyukan kusa sun fara taruwa a bakin filin, kuma babu wanda ya ce su matsa baya. Ɗaya daga cikin direbobin ya gane ni, ya zo da gudu. Na koyar da shi a aji huɗu, yanzu har gemu ya ajiye. Ya durƙusa ya ce, "Malam, an ce daga wurinka abin ya fito. A sa mana albarka." Na ce Allah ya tsare, na ja motata na tafi. Har na hau kwalta ina jin su a bayana.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa shi da ƙanensa a inda babu sauran abin yafewa. Shekara arba'in ya yi yana riƙe da abin nan shi kaɗai, bai buɗe hannu ba sai don ceton rai. Ni ko wata ɗaya ba a yi da rasuwarsa ba na sake shi. Duk abin da zai faru a filin nan, ya Allah, kada ka rubuta a littafinsa. Ni na tuƙa motar zuwa can.